Ƙanƙarar Kaka Nomau

Ranar goma sha bakwai ga watan azumi, shekarar da zan shiga aji na biyar a lakwal, wato makarantar boko, rana tsaka ta same ni tsaye a wani gida na bayan tashar Madawa, gaban wani farin firigo mai murfi a sama, kuɗin Inna a dunƙule cikin tafin hannuna har sun jiƙe da zufa. Matar gidan, wadda kowa ke kira Madam, ta ɗaga murfin da hannu ɗaya, wani farin hayaƙi ya taso ya bugi fuskata, na ja da baya kamar wadda aka buɗe wa murhu. Ban taɓa sanin sanyi ma yana hayaƙi ba. A bayana mutane ne cike da tsakar gidan, yara da buhuna, 'yan kabu-kabu da bokitai, kowa leɓe a bushe, kowa na tura na gabansa. Madam ta dube ni ta ce, "Wace iri kike so? Yi maza, kina sa mini zahi cikin firigo." Na leƙa ciki. Ni da na taho da tunanin ƙanƙara abu ɗaya ce, sai ga ta iri-iri a gabana, kuma a yadda na ɗauki al'amarin a ranar, ran kakana yana rataye da wadda zan nuna da yatsa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Madawa da Buza, a gindin wani dogon tudu mai baƙaƙen duwatsu, gonakinmu kuma suna kwance cikin kwari. Azumin shekarar ya faɗo daidai girbin gero, lokacin da ruwan sama ya ɗauke amma ya bar zafinsa a ƙasa, irin zafin da ke manne wa mutum a jiki ko yana cikin inuwa. Maza na fita tun duku-duku su yi ta yankan zangarniya, su ɗaura damma, su koma gida kafin azahar fuska ta zurma, ƙaiƙayi na cin wuyansu, ba halin kurɓar ko ɗigo. Mu yara aikinmu tsinkar wake da yakuwa, korar tsuntsaye da gwangwani, da jigilar ruwa daga rijiya kan jaki. In mun samu sarari mu kama fara mu soka a tsinke, ko mu zauna gindin rumbu muna 'yar carafke da tsakuwa. Ba a koma lakwal ba tukuna, don ajinmu na zana ne, sai an gama girbi ake samun karan da za a sake kafa shi, mushe, wato malaminmu, shi ma bai dawo daga hutu ba.

Gidanmu gidan azna ne tun asali. Baba da ƙannensa sun tashi da salla, amma mahaifinsu, Kaka Nomau, shi ne mutum na ƙarshe a garin da ke hawa tudu da jan akuya in ruwa ya yi jinkiri. Bai sa goshinsa ƙasa ba sai bayan rasuwar kakata. Wata safiya kawai aka ga ya ɗauki buta ya bi bayan maza zuwa masallaci, bai yi shawara da kowa ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana, kuma in ya ce zai yi abu to an gama. A shekarar ya ce zai ɗauki azumi daga ganin wata zuwa ganin wata. Da yawa sun yi masa murna, amma a majalisar gindin itacen bedi akwai masu baki, kuma maganarsu ta zagayo har cikin gidanmu: "Azumin azne, hantsi ne magaribarsa." Kaka ya ji, daga ranar kuwa ya daina yarda a bar shi gida, ya dinga bin Baba gona da 'yar wuƙarsa.

Da azumi ya kai tsakiya ya faɗi a gona. A amalanke aka kai shi likitar ƙauyen da ke gaba da mu, wato ɗan asibitinsu, majo mai jinya a wurin ya duba idonsa, ya ja fatar hannunsa ta tsaya ba ta koma ba, ya ce jikin tsohon nan ya bushe, ya ajiye azumi, in ba haka ba ƙodarsa za ta tsaya. Liman da kansa ya zo gida ya zauna bakin tabarmarsa ya gaya masa Allah ya ɗauke wa tsoho, ya ciyar kawai. Kaka ya saurare su duka, sannan ya ce, "In na sha, za su ce abin da suka daɗe suna son cewa." Abin da ya fi tayar wa Inna hankali shi ne ko an sha ruwa ba ya iya sha. Ruwan randa a waɗannan kwanaki ɗumi gare shi kamar an taɓa shi da wuta, Kaka na kurɓa biyu sai zuciyarsa ta tashi ya mayar. Hura ma haka. Sai ya wayi gari da cikin da bai riƙe komai ba, ya sake ɗaura niyya. Sai wata magariba ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga Madawa da ragowar ƙanƙara, aka aiko mana da kofi ɗaya na ruwan sanyi. Kaka ya shanye tas, ya riƙe kofin yana leƙa cikinsa, kuma ruwan ya zauna. Inna na tsaye tana kallo. Washegari ta kama zakaranta ta sayar.

Inna na jego, ƙanena bai yi arba'in ba. Baba ba ya iya barin gona, don ana gab da sakin dabbobi kuma rabin geronmu na tsaye. Saboda haka ni aka haɗa da Iya Tsahara, tsohuwar maƙwabciyarmu mai kai kuka da daddawa kasuwar Madawa. Inna ta ba ni babban kwanonta na silba da buhu mai ƙaiƙayi a ciki, ta riƙe kunnena, ba da zafi ba, ta ce, "Salmu, ta leda za ki sayo. Ita ta tsabta, kuma ko ta narke ruwan na nan ciki. Kin ji ni ko?" Na ce na ji.

To ga ni gaban firigo. A sama akwai wasu 'yan faifan roba cike da ƙanana masu kusurwa huɗu, kamar sukarin kwali, garau da su har ana ganin ƙasan faifan. Su suka fara ɗaukar idona, na ji ina son in jefa ɗaya a baki, amma ko ni na san waɗannan na mutanen da gidansu ke bayan katanga ne, kafin a kai tasha sun zama ruwa. Ƙarƙashinsu ga ta leda jibge, dogaye kamar rogo, kowace an ƙulle bakinta. Can ƙasa kuma, a kusurwa, ga wasu kwanoni da ruwa ya daskare a cikinsu ya zama dutse ɗaya, irin wadda masu sayar da zoɓo ke saya su fasa cikin baho. Na miƙa hannu na ɗauki ta leda kamar yadda aka umarce ni. Babban yatsana ya danna ta sai ta loɓa, na ji ruwa na yawo a cikinta, ɓawon ne kawai ya kama. Wani ɗan kabu-kabu a bayana yana ta gunaguni wai jiya an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, duk ledojin nan yaudara ce. Na ɗauki wata, ita ma haka. Madam ta ce, "Ki bar lallatsa mini kaya in ba saye za ki yi ba."

Na tsaya da leda a hannu, maganar Inna na kunnena, hanyar gida na idona. Na san bashe, wato motar kasuwa mai buɗaɗɗen baya, ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta cika sai kasuwa ta fara watsewa. In na ɗauki ta leda na yi biyayya, amma ruwan ɗumi zan kai, irin wanda muke da shi cike da randa. In na ɗauki ta kwano na saɓa, kuma in ta narke ba abin da zan nuna. Na waiga neman Iya Tsahara, tana can bakin ƙofa ta jingina da bango, azumi ya kama ta, idonta a rufe. Wani yaro ya zura buhunsa ta ƙarƙashin hammatata. Madam ta fara sauke murfin. Ban san lokacin da na ce, "Ta kwano" ba. Ta ɗago wani kwano da hannu biyu, ta kifa shi, ta zuba masa ruwa a baya, ƙanƙarar ta suɓuto kamar malmalar tuwon biki, ta fi kaina girma, gefenta garau, tsakiyarta fara fat da wasu tsage-tsage kamar saiwa. Na ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta amsa kamar dutse.

Iya ce ta naɗe mini ita. Ta sa ta cikin baƙar leda ta ƙulle, ta lulluɓe da takardar buhun siminti, ta binne ta cikin ƙaiƙayi a kwanon Inna, ta rufe da buhu ta ɗaure da tsumma. Sai da ta gama ta ce, "Uwarki ta leda ta ce." Na ce haka ta ce. Ta ce, "To, da bakinki za ki gaya mata."

Bashe ba ta tashi ba sai bayan azahar. Na zauna kan buhun gishiri, kwano a cinyata, na cire mayafina na yi masa inuwa, ni kuma rana na dukan tsakar kaina. Duk wanda ya matso kusa sai in kare kwanon da gwiwar hannu. Muka bar gudron, wato kwalta, muka hau jar hanya, mota na tsalle, awaki na kuka ƙarƙashin ƙafafunmu. Gaba da ni wata matashiyar mace ce zaune kan taya, da yaro a cinya wanda bai fi shekara ɗaya ba. Na ji tana gaya wa Iya daga wajen Keita take, mijinta na biɗa, wato neman kuɗi, a Abijan, masassara ce ta kama yaron ta kawo shi likitar Madawa, an yi masa allura an ba ta magani, za ta koma. Yaron na kwance shiru, leɓensa ja, kansa na lilo duk inda mota ta karkata.

A korama muka tsaya. Ruwan ƙarshen damina ya tara rairayi mai laushi a mashigin, direba ya shiga da gudu don ya wuce, tayoyin baya suka nutse, mota ta yi ƙugi ta yi ƙugi sannan ta mutu. Maza suka sauka suna tono da hannu, suna yanko geza suna shimfiɗawa, ba mai magana da ƙarfi don kowa na tattalin yawun bakinsa. Aka tura, ta ƙi tashi. Apranti, yaron motar, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya ce wa direba wani abu, direba ya cire hula ya zauna a ƙasa. Na duba inuwar motar, ta fara tsawo zuwa gabas. Na zura hannu ƙarƙashin kwanon, sanyin na nan, amma gefen buhun ya yi danshi.

A nan ne matar ta kira sunan ɗanta. Ba ihu ta yi ba, kira ne kamar tana tashinsa daga barci, sau biyu, sau uku. Da na duba, yaron ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, idonsa ya kakkafe sama, hannuwansa na jijjiga. Mata suka taso kansa. Wata ta taɓa goshinsa ta janye hannu. Aka ce a kawo ruwa, aka sauko da bidon ɗin mota, wato jarkar ruwansu, amma ruwan ya yini a rana, da an jefa ganyen shayi da ya dahu. Wani mutum mai rawani, wanda tun Madawa yake kallon kwanona, ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga ƙanƙara nan wurin ɗiyag ga. A amso." Ya tako zuwa gare ni. Na rungume kwanon na matsa har bayana ya taɓa ƙarfen mota. Direba ya tashi daga inda yake ya tsaya tsakaninmu. Ya ce, "Ba a amsar amana hannun yaro. In ta ba da, ta ba da." Sannan kowa ya juyo yana dubana.

Na dubi Iya Tsahara don ta gaya mini abin da zan yi. Ta kau da kai tana jan tasbaha. Ita ta san Kaka, ta ga yadda aka sauke shi daga amalanke, kuma ga yaro a gabanta. Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne tunanin ledojin da na bari. Da su na saya, da na zaro ɗaya na miƙa, saura na ƙulle lafiya lau. Tawa dunƙule ɗaya ce, ba a ɗiba sai an buɗe, ba a raba sai an fasa, kuma ƙarfinta duka a dunƙulewar yake. Na tuna Kaka riƙe da kofi yana leƙa cikinsa. Na ga diddigen yaron suna bugun cinyar uwarsa. Uwar ba ta roƙe ni ba, ko kallona ba ta yi ba, tana ta hura masa iska a fuska da bakinta. Ina jin da ta roƙe ni da na iya yin gardama. Na ajiye kwanon kan rairayi na fara kwance tsumman, Iya ta durƙusa ta taya ni.

Apranti ya goge wani kile, ƙarfen kwance taya, da rigarsa, ya ce gefe kaɗan zai ɓalle. Ya buga a hankali, ba ta ji ba. Ya ƙara ƙarfi, sai ta bi tsagen nan na tsakiyarta ta dare gida uku, da ɓaraguzai da suka watsu cikin rairayi suka ɓace ina kallo. Aka jefa guda cikin ƙwarya aka zuba ruwan bidon har zafinsa ya karye, aka jiƙa ɗankwali ana shafe yaron, kai, ƙirji, tafin ƙafa. Ruwan ya sake ɗumi, wata mata ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, na sa mata na biyu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga bayan yaron ya saki, hannuwan suka kwanta, ya yi wani dogon shiru da ya sa wata tsohuwa ta fara salati, sannan ya buɗe baki ya yi kuka, ɗan siriri kamar na ɗan akuya. Ba a jima ba wani mai kabu-kabu ya ɓullo kan babur ɗinsa daga wajen Buza, direba ya tare shi, aka ɗora matar da ɗanta don a mayar da su likitar Madawa. Hankalinta ba ya wurina. Da za ta hau ne kawai ta dafa kaina da jiƙaƙƙen hannu.

Na mayar da gudan da ya rage cikin leda, na binne shi cikin ƙaiƙayin da yanzu ya jiƙe. Mota ba ta da alamar tashi. Iya ta dubi rana ta dube ni, ta ce ita ƙafarta ba ta kai ta, amma in na hau tudu na bi hanyar masu itace zan riga magariba, in Allah ya so. "Kar ki bi korama, zagaye ne. In kin hango gawo biyu kin ga gida." Ta naɗa mini gammo ta ɗora mini kwanon.

Na san hanyar, mun sha binta da Inna neman itace, amma ban taɓa binta ni kaɗai ba. Kan tudu ba inuwa, duwatsu ne baƙaƙe da suka yini suna shan rana. Ban yi nisa ba igiyar silifas ɗina ta tsinke, na cire duka biyun na soke a ɗamara na ci gaba da tafin ƙafa. Ƙarangiya ta cika bakin zanena tana sukar ƙwaurina, ban tsaya cirewa ba. Kunnena duka na kan kwano. Da farko in na taka nakan ji abu mai nauyi ya bugi gefen silba, ƙwal. Can sai bugun ya yi laushi. Can kuma sai na fara jin motsin ruwa, kuma duk takun da na yi ruwan na ƙara yawa. In na yi gudu ƙanƙarar na girgiza cikin ruwanta ta ƙara narkewa, in na yi sannu rana na faɗuwa. Na dinga yin gudu-gudu ina riƙe wuyana a miƙe, ina ce wa kwanon ya yi haƙuri. Wani ɗigo ya gangaro ta goshina ya bi gefen hancina, na lashe shi, ɗanɗanon ƙaiƙayi da siminti. Ina saukowa daga tudu, gawo biyu na gabana, na ji ladan ya ɗaga murya.

Na tarar da gidanmu shiru, irin shirun da ke biyo bayan faɗa. Daga baya na ji cewa da la'asar Kaka ya fara magana ba kan gado, yana kiran sunan kakata, Baba ya ɗago kansa ya kafa masa moɗa a baki, shi kuwa ya datse haƙora har ruwan ya zube a ƙirjinsa. Baba, wanda bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ya ɗaga ranar. Yanzu yana zaune bakin rumfa ya haɗa kai da gwiwa, dabino a hannunsa bai ci ba. Kaka na kwance kan tabarma, an jiƙa masa riga. Inna ta sauke mini kwanon, ta yaye buhu, ta tone ƙaiƙayi ta ɗago baƙar ledar. Ta auna ta a hannu, ta dube ni. "Ba ta leda na ce miki ba?" Ba ta jira amsata ba, ta kwance ƙullin ta juye cikin ƙwarya. Ruwa ne, mai sanyi ƙwarai, da wata 'yar ƙanƙara na yawo a samansa, ba ta fi ƙwan zabo ba.

Baba ya tallafo Kaka. Ya kurɓa, muka jira. Ya sake kurɓa, maƙogwaronsa na hawa da sauka, muka sake jira, Inna riƙe da tasa kusa ko zai mayar. Bai mayar ba. Ta dama hura da sauran ruwan, marar kauri, ya sha rabin ludayi, sannan ludayi, sannan ya karɓi ƙwaryar da hannunsa. 'Yar ƙanƙarar ya tsamo da yatsu biyu ya sa a baki, ya rufe ido har ta ƙare. Sai a lokacin Baba ya ci dabinonsa.

Da idon Kaka ya washe, ƙafafuna ya fara gani. Ina zaune bakin tabarma Inna na cire mini ƙarangiya, tafin ƙafata ya yi bororo, babban yatsa na jini. Ya tambayi ina mota, ina Tsahara. Na ba da labari tun daga firigo, ina yi ina satar kallon Inna. Ba wanda ya katse ni. Da na gama Kaka ya ce, "Ɗan ya yi kuka?" Na ce ya yi. Ya gyaɗa kai. Ya juya ga Baba ya ce, "Wa ya aiki ɗiyag ga ta bi tudu ita ɗai?" Inna ta ce ita ce, kuma ba don daɗi ta yi ba, ba ta ga wata dabara ba. Ban taɓa jin ta amsa wa surukinta kai tsaye haka ba. Kaka ya daɗe yana duban ƙafata.

Washegari bai bi Baba gona ba. Da rana ta take, lokacin da majalisar gindin bedi ta cika, ya ce in ɗauko masa tabarma da moɗa. Na shimfiɗa masa a ƙofar gida, inda duk wanda ke gindin bedi zai gan shi. Ya zauna, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ɗaga moɗar ruwan randa ya sha a hankali har ƙasa. Na ga kawuna na juyowa, na ji wani ya yi dariya. Kaka ya ajiye moɗar, amma bai tashi ba. Ya ce in shiga rumbu in auno gero in kai gidan wata makauniya da ke bayanmu, kuma haka zan yi kullum har a ga wata. Ina fitowa da ƙwaryar na ga liman ya baro majalisa ya tako ya zauna gefen tabarmar, yana tambayarsa jiki, suna maganar girbi kamar ba abin da ya faru. Masu baki sun yi maganarsu, har bayan salla ana yi. Da sanyi ya shigo Kaka ya rama abin da ya iya, kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can, ba wanda ya sani sai mu na gida. Ya ƙara shekaru a duniya, har ya ga na gama lakwal ɗin garinmu na tafi kwaleji.

Matar nan ta wajen Keita ban sake ganinta ba, ban kuma san abin da ya zama na ɗanta ba. Direban ma da na tambaye shi bayan salla, ya ce bai ji labari ba.

Yanzu a Madawa nake zaune da iyalina, da firigo a ɗakina. 'Ya'yana na buɗewa su zaɓi wadda suke so, su tsotsa su tofar a ƙasa in ta ishe su. A ƙauyenmu ma an kafa pano masu ɗaukar wutar rana kan rufin shaguna, ana daskarar da ta leda da ta kwano, har da ƙananan nan masu kusurwa, kuma da azumi yara na zagayawa da su gida-gida kafin la'asar. An yi gada a koramar. Bedin majalisa ya faɗi, liman da Iya Tsahara da Kaka duk suna kwance gabas da gari. In na je gida na zauna a ƙofarmu da yamma, ƙugin firigon shagon maƙwabta nake ji har a kira salla, Inna kuma, da tsufanta, ba ta yarda ta fara sha sai ta tambaya ko an kai wa tsofaffin unguwa nasu. Sanyi ya zo garinmu ya zauna, waɗanda suka fi ƙishinsa ne ba su jira shi ba.